Babi na Bakwai: Yawon Hunturu a Wani Ƙaramin Gari na Bakin Teku

Duk Bahaushen da ya zauna a Ingila har ya ga hunturunta da idonsa, ko kuwa ya ji labarin daga bakin wanda ya zauna, da wuya a ce bai taɓa yi wa kansa wannan tambaya ba: shin me ke fitar da mutanen nan daga ɗakunansu masu ɗumi a ƙarshen watan Disamba, lokacin da sanyi ya kai matuƙa, su kwashi yara da tsofaffi har da karnuka, su nufi bakin teku inda iska ta fi ko'ina kaifi, su yi ta tafiya a ƙasa, alhali ba kasuwa za su ba, ba gaisuwar rasuwa ba, ba kuma wani ne ya aike su ba? A wurinmu tafiya takan kasance da dalili, wanda kuwa aka gani yana gantali ba gaira ba sabab akan yi masa zaton rashin aikin yi. Saboda haka tambayar tana bisa hanya, ta kuma cancanci amsa ta tsanaki.

Na ga ya fi dacewa in ɗauki gari guda in bi hanyoyinsa tare da mai karatu, maimakon in yi ta bayani a dunƙule, domin al'adar mutane ba ta bayyana sosai sai an dube ta a muhallinta. Garin da na zaɓa shi ne Whitby, wanda ke lardin Yorkshire ta Arewa, a gaɓar Tekun Arewa, daidai inda kogin Esk ke zuba ruwansa cikin teku. Mazaunansa ba su wuce kimanin mutum 13,000 ba, amma abin da ya tara na tarihi da hanyoyin tafiya a ƙasa ya fi ƙarfin girmansa.

Rana mai gajeren wa'adi

Sababi na farko yana sama, ba a ƙasa ba. Whitby na zaune ne a kan daraja 54 da rabi arewa da tsakiyar duniya, alhali Kano na kan daraja 12, kuma wannan bambanci da masana falaki ke rubutawa da lambobi biyu kacal shi ne ke juya rayuwar mutanen can baki ɗaya idan hunturu ya shigo. A wajen 21 ga Disamba rana ba ta ɓullowa sai kusan ƙarfe 8:25 na safe, kafin ƙarfe 3:45 na yamma kuwa ta riga ta faɗi, watau wunin duka bai fi awa bakwai da 'yan mintoci ba, lokacin da wuni mafi gajarta a Kano ya haura awa 11. Ko a cikin waɗannan 'yan sa'o'i ma ranar ba ta hawa tsakar ka, sai dai ta yi ta rarrafe ta gefen kudu, har inuwar mutum a tsakiyar wuni ta ninka tsawonsa fiye da sau huɗu.

To, ka dubi halin ma'aikaci ko ɗan makaranta a irin wannan yanayi. Ya fita gida cikin duhu, ya wuni ƙarƙashin fitilar lantarki, ya komo cikin duhu, haka nan mako ya bi mako tun daga Nuwamba, ba ya ganin hasken Allah sai ta taga. Likitocin ƙasar sun daɗe da sanin cewa wannan ƙarancin haske na jawo wa wasu mutane ƙuncin rai da kasala da yawan barci, har hukumomin lafiya na ba jama'a shawarar shan sinadarin bitamin D tun daga kaka har ƙarshen hunturu, tun da hasken ranar ba ya isa jiki ya samar da shi da kansa. Idan kuwa hutun ƙarshen shekara ya zo, aka rufe makarantu na kimanin mako biyu, aka rufe ofisoshi a ranakun 25 da 26 ga Disamba da 1 ga Janairu, sai ya zamana a karon farko cikin makonni masu yawa mutum ya mallaki wuninsa, yana iya tsayawa a fili lokacin da akwai abin gani. Wanda ya san wannan ba zai yi mamakin ganinsu suna ɗokin fita ba. Abin da muke gudu mu fake a inuwa saboda yawansa, shi ne suke fita nema saboda ƙarancinsa.

Musulmin da ya yi niyyar irin wannan fita sai ya lura da wata mas'ala tun kafin ya ɗaura takalmi. Azahar na shiga wajen ƙarfe 12, La'asar wajen ɗaya da rabi, Magariba kuwa kafin ƙarfe huɗu, ga salloli uku ke nan a cikin ƙasa da awa huɗu, kuma duk suna faɗowa ne cikin lokacin tafiyar. Hikima ita ce ya fita da alwalarsa, ya san cewa alƙibla a can tana tsakanin gabas da kudu, ya kuma tsara inda zai yada zango gwargwadon lokutan.

Garin da kogi ya raba biyu

Kogin Esk ya ratsa Whitby ta tsakiya, ya bar tsohon gari a gefen gabas, gidajensa masu jan rufi sun hau jikin tudu ɗaya bisa ɗaya, lungunansa ƙunƙuntattu, ya kuma bar sabon gari a gefen yamma, inda masaukan baƙi suke. Gada guda ce ta haɗa su a tsakiyar gari, wadda aka buɗe a 1909, kuma tana juyawa gefe ta ba jiragen ruwa hanya, masu tafiya su tsaya su jira. Da bazara garin yakan cika ya batse da 'yan yawon buɗe ido har mutum ya rasa inda zai sa ƙafa. Da hunturu kuwa yakan koma hannun ma'abotansa, kuma a ganina a lokacin ne ya fi bayyana haƙiƙaninsa, domin sai cunkoso ya janye ake gane cewa wannan gari ne na masunta da matuƙa jirgin ruwa kafin ya zama na masu sayar da tsaraba.

Fita mafi sauƙi, wadda tsoho mai sanda da uwa mai tura keken jariri ke iya yi, ita ce ta kan katangun dutse guda biyu da suka miƙe cikin teku suka rungume bakin kogin, kowace da hasumiyar fitila a kanta. Daga nan sai a hau tudun yamma, inda aka kafa gunkin Kyaftin James Cook a 1912 yana kallon teku. Cook ba haifaffen garin ba ne, amma nan ya zo yana saurayi wajen 1746 ya koyi tuƙin jirgi a hannun wani attajiri mai suna John Walker, wanda jiragensa ke jigilar kwal zuwa Landan, gidan kuwa yana nan har yau an mai da shi gidan tarihi. Jirgin Endeavour da ya ɗauke shi a 1768 har ya kai gaɓar Ostareliya, a Whitby aka ƙera shi a 1764 domin dakon kwal. Kusa da gunkin akwai ƙofa da aka yi da ƙasusuwan muƙamuƙin ƙatuwar dabbar tekun nan da ake kira wel, domin tunawa da zamanin da mazajen garin ke tafiya farautarta cikin tekun ƙanƙara, daga 1753 har zuwa shekarun 1830, suna komowa da mai na kunna fitilu. Ƙasusuwan da ke tsaye yanzu daga Alaska aka kawo su, aka kafa a 2003.

Matakala 199

Amma wanda bai hau matakalar gabas ba, mutanen garin ba za su yarda ya ga Whitby ba. Daga ƙarshen tsohon titin coci matakala ce ta dutse mai hawa 199, ta bi jikin tudu har zuwa cocin Maryamu da maƙabartarsa, kuma da wuya ka ga yaro ya hau ta bai ƙidaya da ƙarfi ba. Da katako aka fara yin ta, sai a 1774 aka mai da ita ta dutse. A tsakanin hawan akwai wurare masu faɗi da bencina, waɗanda baƙo zai ɗauka don masu haki aka yi su, alhali abin da mutanen garin ke faɗi shi ne an yi su ne domin masu ɗauke da gawa su sauke akwatin su huta, tun da mutane da yawa sun kasance suna barin wasiyya a hau da su ta wannan matakala, kada a zagaya da su a keken doki.

Ita kanta maƙabartar abin tsayawa ce a yi tafakkuri. Iskar gishiri ta cinye rubutun duwatsu da yawa har ba sa karantuwa, waɗanda ke karantuwa kuwa za ka iske ba kaɗan ba daga cikinsu na masu tafiyar teku ne, wasu ma an rubuta sunansu ne kawai, gawarsu ba ta taɓa dawowa gida ba. A bakin maƙabartar akwai dogon dutse da aka kafa a 1898 domin tunawa da Caedmon, wani mai kiwon dabbobin gidan zuhudun da ke nan a ƙarni na 7, wanda ake ɗauka shi ne mawaƙin Ingilishi na farko da aka san sunansa. Marubuci Bram Stoker ya sauka garin a 1890, ya kuma sa wannan matakala da wannan maƙabarta cikin littafinsa Dracula na 1897, abin da har gobe ke jawo wa garin baƙi masu sha'awar labaran ban tsoro.

Bayan cocin kaɗan sai ga kufan gidan zuhudun kansa, bangayensa masu tsawo ba rufi, ana hango su daga nesa a tudu da teku. An kafa shi a shekarar 657 ƙarƙashin wata mace mai suna Hilda, wadda ta shugabanci ruhubanawa maza da mata, har sarakuna na zuwa neman shawararta. A nan ne aka yi babban taron malaman Kirista a 664, a gaban Sarki Oswiu, domin warware saɓanin da ya raba su a kan hisabin ranar idinsu na Ista, wanda lissafinsa ke rataye da wata. Saɓanin ya kai ga cewa a fada guda sarki na iya yin idi alhali sarauniya na cikin azumi, saboda kowannensu da mazhabar da ya tashi a ciki, sarkin kuwa ya yanke hukunci a bi hisabin Rum. Gine-ginen da ake gani yau na baya ne, mafi yawansu daga ƙarni na 13. Sarki Henry na Takwas ya rufe wurin a 1539, iska da ruwa suka ci gaba da rushe shi, sannan a ranar 16 ga Disamba 1914 jiragen yaƙin Jamus suka yi wa garin ruwan harsasai daga teku suka ƙara masa rauni. Duk wannan yana cikin tafiyar da ba ta kai mil guda ba daga gada, kuma uban da ya hau da 'ya'yansa ya nuna musu, ya karantar da su tarihin shekara dubu da ɗari uku kafin shayin da ke cikin filas ya huce.

Teku da lokutansa

Fita ta biyu ita ce ta kan rairayi, daga Whitby zuwa ƙauyen Sandsend, kimanin mil uku yamma da gari. A nan ne baƙo ke fara koyon cewa yawon bakin teku yana da sharuɗɗa, kuma babban sharaɗinsa shi ne sanin lokacin cikar ruwa da janyewarsa. Sau biyu a kowane wuni da dare ruwan teku ke tahowa ya rufe rairayin har ya doki gindin tudu, sau biyu kuma yake komawa ya bar fili mai faɗi, tsakanin cika da cika kimanin awa 12 da minti 25, ta yadda kullum lokacin ke jinkirta da kusan minti 50 a kan na jiya. Jan da wata ke yi wa ruwa, tare da taimakon rana, shi ne sababin wannan, shi ya sa cikar ke tsananta a farkon wata da kuma tsakiyarsa, lokacin da bambancin tsawon ruwa a Whitby kan kai wajen mita biyar. Wanda ke riƙe da lissafin watan Musulunci, ashe, ya riga ya riƙe rabin ilmin. Sauran rabin yana cikin jadawalin da ake bugawa a ɗan littafi ana sayarwa a kantunan gari, ana kuma liƙawa a bakin tashar jiragen ruwa.

Ƙa'idar da kowane ɗan gari ya tashi da ita ita ce a fita lokacin da ruwa ke janyewa, kada a fita lokacin da yake tahowa, domin ruwan ba ya zuwa a miƙe kamar yadda baƙo ke zato, yakan zagayo ta kwari ya yanke wa mutum hanya ta baya alhali gabansa na nan a bushe. Ruwan kuwa a tsakiyar hunturu sanyinsa bai fi daraja shida ko bakwai a ma'aunin zafi ba, wanda ya faɗa cikinsa numfashi ke fara ƙwace masa kafin ya tuna da iyo. Idan aka ga wani cikin haɗari, lambar 999 ake kira a nemi masu gadin gaɓa. Ga hasken da ba ya daɗewa, ga ruwan da ba ya jiran kowa, ga iskar arewa da ke iya juyawa cikin sa'a guda, sai ka iske iyali sun zauna tun da dare suna daidaita waɗannan uku kafin su tsai da lokacin fita. Wannan kaɗai ya isa ya kore zaton cewa gantali suke yi.

Wanda ya kai Sandsend ya ɗaga kai zai ga tuddan da ke bayan ƙauyen a ƙwaƙule, ba ciyawar kirki a kansu. Aikin mutane ne. Tun farkon ƙarni na 17 har zuwa wajen 1870 ana fasa duwatsun wannan gaɓa ana ƙona su watanni domin fitar da alif, wanda marinan Ingila ke buƙata don kama launi a jikin ulu, kuma aikin na buƙatar tokar ciyawar teku da fitsarin mutane, har ana kawo shi cikin ganguna a jirgin ruwa daga manyan birane. Wannan gaɓa ce kuma ke fitar da wani baƙin dutse mara nauyi mai sheƙi idan an goge shi, wanda asalinsa itace ne da ya nutse cikin laka tun kimanin shekara miliyan 180 bisa lissafin masana. Da Sarauniya Biktoriya ta shiga takaba bayan rasuwar mijinta a 1861 ta riƙa sa kayan ado na wannan dutse, sai kasuwarsa ta buɗe, har ya zamana fiye da mutum dubu na cin abinci da sassaƙa shi a Whitby. Hunturu ne lokacin masu tsintarsa, domin guguwa ce ke tono shi ta watso shi kan rairayi, tare da wasu duwatsu masu kamar maciji ya naɗe, waɗanda halittun teku ne na zamanin dā da suka zama dutse, ko da yake mutanen dā sun ce macizai ne da Hilda ta mayar duwatsu. Sai dai ana gargaɗin mai tsinta ya nisanci gindin tudu, saboda ruwan sama da ƙanƙara na sassauta ƙasar, tana kuwa zubowa ba sallama.

Haƙƙin wucewa

Fita ta uku ita ce ta masu ƙarfin ƙafa, daga kufan gidan zuhudu a bi saman gaɓa zuwa ƙauyen Robin Hood's Bay, tafiyar mil shida zuwa bakwai. Kafin mu kama hanya ya kamata in yi bayanin wani abu da na ɗauka shi ne ginshiƙin al'adar duka, wanda kuma ya fi komai burge ni a cikinta. Hanyar nan ta ratsa gonaki da makiyayun mutane, amma ba mai ikon hana ka wucewa, domin dokar ƙasar ta tabbatar da wasu hanyoyin ƙafa a matsayin haƙƙin jama'a, ko da ƙasar mallakar wani ce. A Ingila da Wales tsawon irin waɗannan hanyoyi ya kai kimanin mil 140,000, an zana su a taswira, an kafa musu alamu, an yi musu 'yan ƙofofi da matakalan tsallake shinge. Mafi kusa da wannan a wurinmu shi ne burtali, wanda manomi ya san ba shi da ikon nome shi ko da ya bi ta tsakiyar gonarsa, makiyayi kuma ya san ba shi da ikon kauce masa ya shiga shuka. Mun kuwa ga irin fitinar da ke tashi a inda aka bar burtali ya ɓace.

Su ma ba a banza suka sami cikar wannan haƙƙi ba. A watan Afrilu na 1932 ɗaruruwan ma'aikata daga garuruwan masana'antu suka hau tudun Kinder Scout da gangan, wanda masu ƙasa suka killace domin farautar tsuntsaye, aka kama wasu aka ɗaure mutum biyar. Hukuncin ya tayar da hankalin jama'a, kuma yana cikin abubuwan da suka share fage ga dokar 1949 wadda ta kafa gandayen shaƙatawa na ƙasa ta kuma wajabta rubuta hanyoyin ƙafa, sannan dokar shekarar 2000 ta ƙara buɗe tuddai da dazuzzukan da ba a nomawa. Hanyar da muke kai wani yanki ne na Cleveland Way, mai tsawon mil 109, wadda aka buɗe a 1969. A kan mai wucewa kuma akwai nasa wajibi: ya rufe ƙofar da ya iske a rufe, ya riƙe karensa kusa da tumaki, kada ya bar shara. Hanyar da aka daina bi takan rufe da ƙaya, a hankali a manta da ita, saboda haka kowane mai tafiya, ko ya sani ko bai sani ba, yana raya haƙƙin ne da tafin ƙafarsa.

Ba da nisa da gari ba hanyar ta bi ta saman Saltwick, inda jirgin asibiti mai suna Rohilla ya daki duwatsu a ranar 30 ga Oktoba 1914 da mutum 229 a cikinsa, mutanen gari na tsaye a tudu suna kallo kwana da kwanaki ana fafutukar ceto, fiye da 80 suka halaka. Gaba kaɗan sai hasumiyar fitila fara da aka gina a 1858. Daga nan sai laka da iska da kukan tsuntsayen teku, teku a hagu, tumaki a dama, har a gangara cikin Robin Hood's Bay, ƙauyen da gidajensa suka cusu a cikin kwazazzabo, wanda a ƙarni na 18 ya shahara da fasa-ƙwaurin shayi da taba da barasa, har ana cewa kaya na iya tashi daga bakin ruwa su kai saman ƙauye ta cikin gidaje ba su ga hasken rana ba.

A saman gangaren ƙauyen akwai allon tunawa da wani al'amari da ya kamata kowane mai yawon hunturu ya tsaya ya karanta. A watan Janairu na 1881 wani jirgi ya lalace a gaban ƙauyen cikin guguwa, mutanensa shida suka rage cikin ƙaramin kwalekwale, kuma haukan teku ya hana jirgin ceto na Whitby fita ta ruwa. Sai mutanen garin suka ɗora shi a kan keke suka ja shi ta tudu, mil shida, cikin dusar ƙanƙarar da a wasu wurare ta fi tsawon mutum, dawakai 18 na ja, mutum wajen 200 na share hanya, har suka gangara da shi ta wannan ƙunƙuntar hanya suka tura shi ruwa, aka kuwa ceto mutanen duka. Shugaban matuƙan a ranar shi ne Henry Freeman, wanda shekara 20 kafin nan, ranar 9 ga Fabrairu 1861, shi kaɗai ya tsira lokacin da jirgin ceto ya kife a bakin Whitby abokan aikinsa 12 suka nutse, sababin tsirarsa kuwa, bayan kiyayewar Allah, shi ne sabuwar rigar ceto ta ɓawon itace da ke jikinsa. Har yau masu wannan aiki a gaɓar Ingila mafi yawansu 'yan sa kai ne, ƙungiyarsu kuma, wadda aka kafa tun 1824, da gudummawar jama'a take tafiya.

Wanda ya gaji sai ya hau bas ya koma. Wanda ke da sauran ƙarfi da sauran haske sai ya bi tsohon layin dogo da ya haɗa Scarborough da Whitby, wanda aka buɗe a 1885 aka rufe a 1965, aka cire ƙarafunsa aka bar shi hanyar masu ƙafa da masu keke. Ya fi hanyar gaɓa sauƙi da ƙarancin laka, kuma yana shigowa gari ta kan gadar Larpool, ta jan bulo, mai bakuna 13, wadda ta yi sama da kogin Esk da ƙafa 120.

Kashegarin Kirsimeti

Ranar da fitar ta fi yawa ita ce 26 ga Disamba. An wuni jiya a ɗaki ana ci ana sha, dangin da suka watsu a birane sun taru a gida guda, to yau sai a fita gaba ɗaya, kaka da jika, suruki da suruka, kowa cikin rigar ulu da hular sanyi da takalmin roba. A Whitby, kamar a garuruwan gaɓa da dama, wasu kan yi shigar ban dariya su ruga cikin ruwan tekun nan mai sanyi na ɗan lokaci, jama'a na kallo, domin tara kuɗin taimakon mabukata. Sauran kuwa tafiyarsu suke yi, kuma a nan ne na ga fa'idar da likita bai rubuta ba. Mutanen ƙasar suna da nauyin baki da kunyar bayyana abin da ke zuci, amma maganar da ɗa ba zai iya yi wa mahaifinsa suna fuskantar juna a kan tebur ba, sau da yawa takan fito idan suna tafe kafaɗa da kafaɗa, idanunsu na kan hanya. Baƙin da ba za su dubi juna a titin Landan ba, a kan wannan hanya sukan gaisa, ko da a kan yanayin sama ne. Sada zumunci ne da sigar da ta dace da ɗabi'arsu da ƙasarsu.

Ana komowa gari kafin duhu, a shiga layin soyayyen kifi da dankalin Turawa, wanda Whitby ta yi suna a kansa, ko a bi ta titin Henrietta a gindin matakala, inda gidan Fortune ke bandar kifi da hayaƙin itace tun 1872, ƙamshin na kai wa mutum tun kafin ya ga ƙofar.

Duk hanyoyin da muka bi a wannan babi ba su rabu da ƙarar teku ba. Amma wanda ya juya wa ruwa baya ya bi kogin Esk sama, cikin 'yan mil kaɗan zai fita daga duniyar masunta ya shiga ta makiyaya tumaki, a kan tuddan North York Moors da aka mai da gandun ƙasa a 1952, inda layin dogon da George Stephenson ya shimfiɗa a 1836 ke ɗauke da jirage masu tururi har yanzu. Yadda mutanen waɗannan tuddai ke fid da garkensu daga hunturu, da abin da dusar ƙanƙara ke yi wa ƙauyen da hanyarsa guda ce, shi ne abin da za mu duba a babi na gaba, in Allah ya yarda.